Rufe kwalba a teburin cin abinci: gwaninta ce ko burga?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a birnin Bordo na Faransa. Abokan karatuna sun gayyace ni cin abincin dare a gidan ɗayansu, mu takwas. Kowa ya zo da kwalbar giyar inabi a naɗe cikin takardar aluminiyam, mai gidan kuma ta dafa abinci kala huɗu, kowane kala da kwalbar da za ta raka shi. Suna kurɓa suna cankar irin inabin da yankin da shekarar. Ni ba na sha, ruwa na riƙe ina kallo. Wani ya canki biyu daidai, wuri ya kaure da ihu. Da gaske harshe na iya gane wannan, ko burga ce kawai? Mene ne sirrin haɗa abinci da abin sha? Sun kuma ce wata mai zuwa ni zan karɓi baƙuncinsu, babu giya. Ta ina zan ɓullo?

Amsa: Ƙanena, sannu da karatu. Duka biyun suna nan, gwanintar da burgar, kuma a irin zaman da ka kwatanta da wuya a raba su, domin tsarin zaman ne da kansa ya cakuɗa su. Aikina gwajin ɗanɗano ne a harkar sarrafa abinci, wato a zaunar da mutane, a ba su abu ba tare da sun san na wane kamfani ba ne, a tattara abin da bakinsu ya faɗa. Da wannan idon zan duba maka lamarin. Hukuncin giya kuwa ka san shi, ka riga ka tsaya inda ka tsaya, kuma ba shi ka tambaya ba.

Dalilin rufe kwalbar mai ƙarfi ne, kuma a jami'ar garin da kake zaune aka yi gwajin da ya fi shahara a kai. A 2001 masu bincike uku, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu, suka wallafa abin da suka gani wajen ɗalibai 54 masu karatun ilimin giyar inabi. Sun ɗauki farar giya, suka rina ta ja da launin da ba shi da ƙamshi, suka ce ɗaliban su sansana su kwatanta. Sai ga ɗaliban suna jero kalmomin da ake kwatanta jar giya da su, alhali farar ce a gabansu. Jaridu kan ruruta labarin su ce an tona asirin ƙwararru, ba sa bambance fara da ja. An yi wa labarin ƙarin gishiri. Ɗalibai ne, kuma ƙamshi aka ce su kwatanta, ba a tambaye su fara ce ko ja ba. Abin da gwajin ya nuna ya ishe mu a haka: ido kan riga hanci isa, hancin kuma sai ya bi bayansa.

Farashi ma yana wannan aikin. A 2008 wasu masu bincike daga jami'o'in Caltech da Stanford a Amurka suka sa mutane 20 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce musu giya iri biyar za su ɗanɗana, alhali uku ce. Ta dala 5 an ba su ita sau biyu, sau ɗaya da farashinta, sau ɗaya a matsayin ta dala 45. Ta dala 90 ma haka, a karo na biyu aka ce ta dala 10 ce. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsi a lokacin da suka zaci mai tsada suke sha. Ke nan ba ƙarya suka yi don su burge mai tambaya ba, daɗin ne da kansa ya ƙaru saboda abin da aka faɗa musu.

Abokanka Faransawa sun san labarin 24 ga Mayun 1976, ko da ba sa son a tayar da shi. Wani ɗan Ingila mai sayar da giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara Faransawa, manyan masana da masu gidajen abinci, ya jera musu kofuna ba suna: fara goma, ja goma, a kowane rukuni shida daga Kalifoniya, huɗu daga manyan gonakin Faransa. Da aka haɗa maki, Chateau Montelena ta 1973 ce ta zo ta ɗaya a fara, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 a ja, duka 'yan Kalifoniya, gaban irin su Mouton Rothschild ta Faransa. Ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma ɗaya daga alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ni a ganina ana ɗora wa wannan rana fiye da abin da za ta iya ɗauka, domin ratar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu a jar giyar ƙanƙanuwa ce, makin alƙalan kuma a warwatse yake. Amma ba don an rufe kwalaben ba, babu alƙalin da zai yarda ya ba giyar Amurka wannan makin a wancan zamanin.

Akwai kuma Robert Hodgson, malamin jami'a mai ritaya wanda ke da gonar inabi, da ya shawo kan masu shirya gasar baje kolin jihar Kalifoniya suka bar shi ya riƙa saka giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, sau uku cikin jerin da alƙalai ke ɗanɗanawa. Kusan ɗaya cikin goma na alƙalan ne kawai suka iya ba ta maki mai kama da juna a duka ukun.

Da wannan kaɗai sai ka ce duk burga ce. A'a. Ka lura, abin da ya fi kayar da alƙalan shi ne tambayar wacce ta fi kyau. Tambayar wace iri ce daban take, kuma ana koyon amsa ta. Jami'o'in Oxford da Cambridge suna gasa a kanta tun 1953. Mai neman shaidar Master of Wine, wato babbar shaidar ƙwarewa a harkar giyar inabi, sai ya zauna jarrabawa uku, kowace da kofuna 12 marasa suna, kuma masu riƙe da shaidar ba su kai 500 ba a duniya. Waɗannan ba duba suke yi ba, lissafi suke yi, daga alama zuwa alama.

Ka kalli hannun wanda ya iya. Zai karkata kofin bisa farin ƙyallen tebur ya dubi gefen ruwan, domin jar giya in tana sabuwa gefenta na ɗaukar shunayya, in ta kwana biyu sai ya koma launin jan bulo, fara kuwa duhu take ƙarawa da shekaru. Sai ya juya kofin, ya sa hanci. Nan ne mafi yawan aikin yake, tunda harshe abu kaɗan ya sani, zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗanɗanon nama, sauran duk ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Kuma kalmomin da ka ji suna furtawa, waɗanda wataƙila suka ba ka dariya, da yawansu suna da tushe a kimiyya. Inabin Cabernet Sauvignon na ɗauke da sinadarin da ke ba ɗanyen koren tattasai ƙamshinsa. Syrah na da rotundone, wanda ke cikin masoro, masu bincike a Ostireliya suka gano shi a 2008, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa sam, komai ƙoƙarinsa. Riesling in ta tsufa tana warin kananzir, da gaske nake. Giyar da ta kwana a sabuwar gangar katako tana fitowa da ƙamshin banila. In kuma toshiyar kwalbar ta lalace, sai ka ji warin jiƙaƙƙen kwali. Daga nan sai ya kurɓa, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya auna tsami da bauri da zafin barasa. Wuri mai sanyi na ba da tsami da yawa da barasa kaɗan, wuri mai rana na nunar da inabi sosai, sukari ya yi yawa, barasa ta hau. Sai ya ce: launi ba duhu, tsami a sama, bauri kaɗan, to ko inabin Pinot Noir ko Gamay, kuma daga wuri mai sanyi. A haka ake matse amsa har ta rage biyu ko uku, sauran kuma sa'a. Cankar shekara daidai, in ba mutum ya san gonar ba, mafi yawa sa'a ce.

To ina matsayin abokinka da ya ci biyu? Mai yiwuwa yana da hanci. Amma amsa ta riga ta yoyo a teburin nan ta wurare da dama. Takardar aluminiyam ba ta ɓoye siffar kwalba: ta Bordo tana da kafaɗa a tsaye, ta yankin Burgundi kafaɗarta a sulluɓe take, ta yankin Alsas doguwa ce siririya. Ya san wanda ya kawo kowace kwalba, ya san garinsu, ya san nauyin aljihunsa. Kuna zaune a Bordo, inda fiye da rabin gonakin jan inabi Merlot ne, don haka duk wanda ya ce Merlot ce ta nan kusa bai yi kasada mai yawa ba. Kuma wanda ya fara buɗe baki shi ke jan sauran. Da zarar mutum ɗaya ya ce yana jin masoro, kowa sai ya ji masoro.

Babbar ɓarakar kuwa ita ce abincin. Mai gidan ta dafa kowane kala ne don ya dace da kwalbarsa, kuma duk Bafaranshen da ya tashi a gidan da ake damuwa da girki ya haddace waɗannan aurarrakin tun yana yaro. In an kawo cukun akuya, hankali zai tafi kan giyar yankin Sancerre, domin ƙauyen Chavignol da ake yin sanannen cukun a cikin yankin yake. In an kawo kawa, waɗannan halittun teku masu ɓawo da suke ci ɗanye, za a ce farar giyar Muscadet, ko Entre-deux-Mers ta nan gefenku. Naman sa da aka dafa irin na Burgundi yana kiran Pinot Noir, cukun Roquefort yana kiran Sauternes mai zaƙi. An rufe takardar jikin kwalba, sai aka rubuta amsar a faranti.

Nan nake so ka tsaya, domin shi ne abin da yawancin masu irin wannan zama ba sa lura da shi. Rufe kwalba da haɗa ta da abinci abubuwa ne biyu masu ja da juna. Na farko yana so a tuɓe wa abin sha duk abin da ke kewaye da shi, a bar shi daga shi sai baki. Na biyu da gangan yake kawo abin da zai canza shi. A ɗakin gwajinmu ba a shiga da abinci, sai ruwa da busasshen biskit marar gishiri, saboda mun san loma ɗaya ta isa ta juya sakamako. Saboda haka zaman abokanka ba zai iya gaya musu wace kwalba ce ta fi ba. Abin da zai iya nuna musu, kuma a wurina ya fi wancan armashi, shi ne yadda abu ɗaya ke zama abu biyu, kafin loma da bayan loma.

Ga yadda hakan ke faruwa, kuma ba sai da giya za ka gwada ba. Jar giya na da bauri saboda ana barin ruwan inabin ya jiƙa da fatarsa da 'ya'yan cikinsa, su kuma suna ɗauke da sinadarin tanin. Irin abin da kake ji ne in ka tauna goro, baki ya bushe, dasashi ya kama. Tanin yana manne wa furotin ɗin da ke cikin miyau, miyau ya rasa santsinsa, harshe ya fara goga da dasashi. Ka dafa baƙin shayi, ka bar ganyen a ciki minti goma, kada ka sa sukari ko madara. Kurɓi ka zagaya da shi a baki, za ka ji kamar an goge maka haƙora da tsumma. Yanzu ɗauki yankan nama mai kitse da gishiri, ka tauna sosai, ka sake kurɓa. Baurin zai faɗi, ɗacin zai ja baya, ƙamshin ganyen da ba ka ji ba da farko zai fito, kuma maiƙon da naman ya bari a bakinka zai wanke. Abu uku ne suka haɗu: tanin ya samu furotin ɗin nama ya kama maimakon na miyau, kitse ya mayar wa baki santsi, gishiri kuma na danne ɗaci. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gwada wannan da shayi da busasshen nama mai kitse, ya tarar kurɓar shayi tsakanin loma da loma ta fi ruwa rage jin maiƙo. Wannan shi ne duk sirrin jar giya da jan nama da ake ta yi wa kirari, kuma mai shan ataya bayan balangu ya riga ya san shi a aikace.

Tsami kuwa, abokinsa tsami. In abinci na da lemun tsami ko tumatir, harshe kan saba, sai abin sha mai tsami ya zo masa da laushi, wanda ba shi da tsami kuma ya koma lami. Shi ya sa Italiyawa ke shan giyar Chianti mai tsami da miyar tumatir. Zaƙi ya fi kowa mugunta: ka ci abu mai sukari, duk abin shan da bai kai shi zaƙi ba zai koma tsami da ɗaci, don haka ƙa'idarsu ita ce abin sha ya fi kayan zaƙin zaƙi. Barkono da barasa ba sa shiri, domin barasa na ƙara wa jijiyar da ke jin zafin barkono kaifi. Da mai gidan ta zuba attaruhu irin namu a miya, da kwalba mafi tsada a teburin ta zama wuta a bakinsu.

Batun kifi ya daɗe ana ɗaukarsa al'ada ce kawai, a ce fara da kifi, ja da nama. A 2009 masu bincike na kamfanin Mercian a Japan suka nuna akwai dalili: giyar da ke da sinadarin ƙarfe da yawa, in ta haɗu da man da ke jikin abincin teku, tana tayar da ƙarni a baki bayan an haɗiye. Ƙarfen ne mai laifi, launin shaida ne kawai, shi ya sa wasu jajayen ke tafiya da kifi lafiya lau.

Sai abu na ƙarshe game da zamansu, wanda ba sa so a faɗa. Ƙwararru furzar da abin suke yi a bokiti, shi ya sa suke iya bin kofuna da dama. A teburin abinci haɗiyewa ake yi. Duk hukuncin da aka yanke a kan kwalba ta huɗu, ka raba shi biyu.

Yanzu naka zaman. Kana da sa'a ɗaya da ba su da ita: ba su haddace wane abin sha ke bin wane abinci a girkinmu ba, don haka farantinka ba zai tona asirin kofinka ba, kuma hankalinsu na nan garau har ƙarshe.

Kafin a kawo abinci, fara da gwajin da muke kira na kofi uku. A ba kowa kofi uku, biyu abu ɗaya ne, ɗaya daban, a ce ya nuna baren. Bambancin ya zama ƙarami, misali zoɓon da aka tafasa da wanda aka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, sukari daidai wa daida, ko ruwan tuffa na kamfanoni biyu. Mai canka kawai yana da damar ɗaya cikin uku, saboda haka a cikin mutum takwas sai shida sun ci kafin a ce lallai akwai bambancin da baki ke ji. In huɗu suka ci, ba a nuna komai ba. Nan za ka ga wanda ke da hanci da gaske, har da gwanin da ya ci biyu. Zoɓo ba zai yi maka wahala ba, shagunan 'yan Afirka a can suna sayar da shi da sunan bissap.

Kofunan su zama iri ɗaya, sanyin abin shan ya zama ɗaya, domin sanyi na danne zaƙi da ƙamshi, kuma kofin da ya fi ɗumi zai fallasa kansa. Kada ka rubuta musu 1, 2, 3 ko A, B, C, mutane na fifita na farko ba tare da sun sani ba. Sa lamba mai alƙaluma uku da ba ta nufin komai, kamar 472 da 815. Ka zuba a kicin ka rubuta lambobin a takarda ka ninke, wani daban ya ɗauko tire, don kada fuskarka ta ba da amsa. Jerin da aka ba wannan ya bambanta da na maƙwabcinsa. Kowa ya rubuta nasa shiru kafin a yi magana, minti biyu sun isa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da za ta fi ba ka wahala da Faransawa. Turaren wuta kuma a haƙura da shi a ranar, na san za ka so ɗakin ya yi ƙamshi don baƙi, amma zai rufe komai. Su ma ka roƙe su kada su fesa turare.

Wajen abincin, kala uku sun isa, kowane da kofi biyu. Tsarin shi ne a kurɓi kowane kofi kafin a taɓa abinci, a ba shi maki daga 1 zuwa 5, a ci loma biyu, a sake kurɓa, a sake ba da maki. Tazarar da ke tsakanin makin farko da na biyu ita ce abin tattaunawar, kuma ita ce abin da zamansu na farko bai kama ba. Tunda launi na tona asiri, nemi kofunan da ba a ganin cikinsu, ko ka haɗa abubuwa masu launi kusa da juna.

Da ni ne, zan fara da gasasshen kifi da ɗan gishiri, in jera masa ruwan tsamiya mai ɗan sukari da verjus da aka sirka da ruwa. Verjus ruwan ɗanyen inabi ne da ba a bari ya tsima ba, ana yin sa a yankin Perigor da ke kusa da ku, kuma zai ruɗa su ƙwarai domin tsaminsa na inabi ne. Na biyu naman rago gasasshe mai kitse, da yajin ƙuli a gefe, a raka shi da zoɓo mai ƙarancin sukari da kuma baƙin shayi mai ƙarfi da aka sanyaya. Ina sa ran shayin zai sha kaye kafin loma, ya farfaɗo bayanta. Kuskuren da na fi gani wajen mutanenmu shi ne cika wa zoɓo sukari da kayan ƙamshin leda har tsaminsa ya mutu. Na kan teburin abinci, rage sukarin zuwa rabin abin da ka saba, citta da kanumfari kaɗan, ka bar tsamin ya yi aikinsa. In kana so ka nuna musu aikin barkono, sa ɗan farfesu a ƙananan kwanoni, da ruwan citta a kofi ɗaya, nono mai sanyi ko kunun aya a ɗayan. Cittar za ta ƙara wutar, nonon zai kashe ta domin furotin da kitsen madara na wanke sinadarin barkono daga harshe. Amma ka tausaya musu, rabin barkonon da ka saba ma ya yi yawa. A ƙarshe alkaki ko dubulan, da zoɓo mai zaƙi a kofi ɗaya, ataya zubin farko a ɗayan, su ji da bakinsu yadda zaƙi ke mayar da zoɓon tsami.

Mililita 50 a kofi ya isa kurɓa biyu ko uku, don haka lita ɗaya ta kowane abin sha za ta wadaci mutum takwas har da ƙari. Kada ka buɗe takardar lambobin sai an gama duka, domin in ka bayyana na farko za su fara lissafin abin da ya rage.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba amma sun shafe ka. Mai yiwuwa cikin kara wani ya zo maka da giyar inabin da aka cire wa barasa. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira ta haka ko da akwai ragowar barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka karanta jikin kwalbar, wasu suna rubuta 0.0, wasu ba sa rubutawa. Sannan girkin Faransa da yawa da giya ake yin sa, musamman naman da aka daɗe ana dafawa da miyar da ake zubawa a kan kifi, kuma maganar da za su gaya maka cewa wuta na ƙone barasar gaba ɗaya ba daidai ba ce. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 30 a kan wuta kusan kashi 35 cikin ɗari na barasar da aka zuba na nan, bayan awa biyu da rabi kusan kashi 5. In sun sake gayyatarka, tambayi mai gidan tun kwana biyu kafin ranar abin da za ta zuba a tukunya. Cire maka naka kafin ta zuba, ko amfani da romo da ɗan verjus a madadinta, ba zai ba ta wahala ba in ta sani da wuri.